Kyamarar Ɗakin Wayoyi

Ku da kuke zuwa shagona kuna cewa in koya muku ɗaura kyamara a mako guda, ku nemi wuri ku zauna. Jiya ma wani ya shigo, hannu a aljihu, wai ya kalla a waya ya ga ai ba wani abu ba ne, huda bango ne, a ɗaura sukuru, a jona waya, shi ke nan. Na ce madalla, ɗauko tsanin can ka jingina min a bango. Ya jingina shi a tsaye cak, ƙiris ya rage ya dawo masa a ka. Na ce jeka abinka, in ka iya jingina tsani ka dawo mu yi magana. Ni Isiyaku a kan tsani na tsufa, gwiwoyina ne shaida. Kuma wannan labarin ban taɓa ba da shi ba sai da na dawo Kaduna, na cire layin Doha daga wayata na karya shi biyu.

A wajen Malam Tanimu mai gyaran rediyo na koyi aiki, a bayan babbar kasuwa. Shekarar farko ban taɓa filaya ba. Shara nake yi, in riƙe masa tocila, in hura garwashin da yake ɗora ƙarfen dalma a kai idan an ɗauke wuta. In hannuna ya yi rawa hasken ya kauce, ba ya faɗa, ƙeyata kawai yake ɗan taɓawa da sukudireba. Mutum ne mai ƙarancin magana, amma abu ɗaya ya riƙa nanata min har na gaji da ji: wayar da ban san daga ina ta fito ba, ban san ina za ta ba, kada in sa mata hannu. Daga rediyo muka koma talabijin, daga talabijin muka koma hawa rufin mutane muna juya dish, har kyamara ta shigo gari, gidajen mai da manyan shaguna suka fara nema. Malam Tanimu ya ce shi idonsa ya gaji, in je in koya in ciyar da kaina.

Abin da bidiyon wayarku ba zai gaya muku ba shi ne mai saye ba ya faɗin gaskiyar abin da yake son gani. Kowa ɓarawo zai ce maka. Akwai wasu 'yan'uwa biyu masu shagon kayan gini, uwa ɗaya uba ɗaya, tare suke cin abinci a faranti guda. Babban ya kira ni gefe ya ce in sa masa wata ƙarama a saman teburin ciniki, kada ƙanensa ya sani. Ba a rufa wata ba ƙanen ya same ni a masallaci da irin wannan buƙatar. Na sa wa kowa tasa, ɗaya a cikin agogon bango, ɗaya a bayan kalanda. Tun daga nan na gane wanda ake ci da shi ne ake sa wa ido, baƙo kuwa kwaɗo ake saya masa a rufe ƙofa.

Da wani kamfani ya ɗebi ma'aikata zuwa birnin Doha na bi. Ɗaki na samu a unguwar Najma, mu da yawa, gado kan gado, kowa da akwatinsa a ƙarƙashi. Aikin farko da aka ba ni a can sandunan bakin Kwanish ne, hanyar nan ta bakin teku da mutane ke yawo da yamma. Ku da kuke ganin abin wasa ne, ku hau kwandon motar da ke ɗaga mutum sama a tsakiyar rani, ƙarfe ya yi zafin da in ka taɓa babu safar hannu sai fatarka ta tashi. Gumi na shiga ido, sukuru na zamewa, in ya faɗi kuma sai an sauke ka ƙasa ka nemo shi, don ba a barin ko ƙusa a titin. Iskar teku tana cin ƙarfe, saboda haka kowace mahaɗa sai ka naɗe ta ka toshe da roba. Sannan babban aikin, wato saiti. Rana in ta faɗo kan ruwa tana dawowa ta makantar da kyamara. Dole ka san inda rana take da safe, inda take da la'asar, ka karkata kan na'urar yadda za ta kama fuskar mai tafiya ba ƙeyarsa ba. Kyamarar da ba ta kama fuska ba ado ce kawai, a can kuwa ba a biyan mutum don ado.

A kan waɗannan sandunan na haɗu da Bitrus. Mutumin Filato ne, ya girme ku duka amma ni na girme shi, Hausarsa irin ta Jos mai saurin nan. A makarantar koyon sana'a ta mishan ya yi karatu, kuma can aka cusa masa wata ɗabi'a da ta zame masa ciwo. Bitrus ba ya iya ganin waya a hargitse ya wuce. Ko ba aikinsa ba ne, in ya buɗe akwati ya ga an cukurkuɗa, sai ya zauna ya warware, ya jera, ya ɗaure da maɗaurin roba, ya yanke bakin maɗaurin daidai yadda ba zai yanki hannun na baya ba, sannan ya manna ɗan koren salatif a gefe, alamar shi ya gyara. Nakan ce masa, “Bitrus, kai ko gidan surukai ka je sai ka buɗe musu mita.” Sai ya yi dariya ya ce, “Malam Isiya, wanda zai zo bayana ma mutum ne.”

Shi ba a Najma yake ba. Yana da ɗan gida a unguwar Bin Mahmud da matarsa Rifkatu, nas ce a wani asibiti, da 'yarsu guda, Salomi. Yarinyar sikila ce. In ciwon ya tashi takan kwana tana kuka da ƙafa da baya, kuma a gida Najeriya sun riga sun binne yayanta da irin wannan ciwon. A Doha kuwa, saboda aikin uwar, ana duba ta a kan kari, ana ba ta magani da jini in ta buƙata, har ta yi ƙiba tana zuwa makaranta. Wannan ne ya zaunar da su a ƙasar. Rifkatu tana aikin kwana sau da yawa, don haka Bitrus ne mai wanka, mai dafa abinci, mai gasa wa yarinya ƙafa da ruwan ɗumi. Duk wanda ya san gidan ya san in aka cire Bitrus daga ciki, gidan ya karkace.

Sai shekarar korona ta zo, mummunar shekara. Gari ya mutu, an rufe masallatai, an zaftare albashi, wasu abokan aikinmu an killace unguwarsu gaba ɗaya da shinge. Mu kuwa aiki ya ƙaru, don kowace ƙofa ana son kyamara mai auna zafin jiki. Ita ma tana da nata sharrin. In ka ɗaura ta kusa da na'urar sanyaya ɗaki kowa lafiyayye ne, in ka ɗaura ta inda rana ke bugawa kowa majinyaci ne. Wani lebura ɗan Nepal na gani an mayar da shi daga ƙofar kanti yana rantsuwa, alhali laifinsa kawai ya tsaya a rana yana jiran bas. Sannan aka tilasta wa kowa sa wata manhaja a waya. In ta nuna kore ka shiga, in ta canja launi ka koma. Ba ka kashe ta, ba ka fita babu ita. Yaran ɗakinmu suna murna wai ana kula da lafiyarsu. Ni kuwa na san abin da ya san wa ka tsaya kusa da shi jiya, ya san inda ka kwana shekaranjiya.

Tawa manhajar ta yi ja a tsakiyar rani. Aka kai ni wani gini aka rufe, zazzaɓi kamar zan tafi. Bitrus ne kaɗai ya riƙa zuwa. Ba a bari ya shiga, sai ya ajiye kula a wajen maigadi, tuwon Maman Salomi da miyar kuka, wani lokacin da ɗan kunu a gora, ya kira ni ya ce, “Malam, leƙo taga.” In leƙo in gan shi can ƙasa da takunkumi a fuska yana ɗaga min hannu. Matarsa tana aiki cikin masu ciwon tsundum, shi yana fargabar kada ya kai wa Salomi, amma bai fasa ba. Ina faɗa muku wannan ne don ku san wane irin mutum ake magana a kai.

Da annoba ta lafa sai hidimar cin kofin ƙwallon duniya ta taso, aka shiga yalla yalla, wato maza maza a Larabcinsu, ba dare ba rana. Filin wasa, tashar jirgin ƙasa, titi, kasuwa, ko'ina kyamara, kuma duk suna zuba hoto a manyan ɗakuna masu allo daga ƙasa har rufi. Sabbin ma ba kallo kawai suke yi ba, suna gane fuska. Ka wuce a cikin dubban mutane, na'ura ta zagaye kanka ta fito da sunanka. Ƙasashe ƙawaye suka turo jami'ansu su taya tsaro. Aka tura ni da Bitrus wani gini da ba shi da allon suna a ƙofa. A hawan da muka yi aiki akwai dogon baranda, ɗakin dama na jami'an wata ƙasa, ɗakin hagu na wata. Ba zan faɗi sunayensu ba, mu dai mutanen dama da mutanen hagu muke ce musu. A ƙarshen barandar akwai ɗan ƙaramin ɗaki mai sanyi, ɗakin wayoyi, inda wayoyin ɓangarorin biyu suke haɗuwa a dogon akwatin ƙarfe guda. Na dama shuɗi, na hagu rawaya.

Zumuncin mutanen nan sai wanda ya gani. Tare suke shan shayi, suna musayar riguna da bajo, suna dukan kafaɗar juna, kowa na kiran ɗan'uwansa aboki. Amma wani dogo daga cikin mutanen dama ya tare ni a bakin lif ya tambaye ni a hankali ko wayarsu tana gogar ta maƙwabta. Kwana kaɗan wata mace daga mutanen hagu ta sa na toshe mata ramin iska da ke tsakanin ɗakunan. Kowa da soket ɗinsa ya zo daga ƙasarsu. Kowa yana da mutum mai yawo da wata na'ura yana shafa bango da ƙasan tebur. Na ce a raina, ashe shagon kayan ginin nan ne ya biyo ni har nan, sai dai waɗannan sun sa kwat.

Abu ɗaya suka yarda da shi tare, a sa kyamara a ɗakin wayoyi. Ni aka ba aikin, kuma wallahi na yi shi da zuciya ɗaya. Ɗakin matsattse ne, ƙofar akwatin gilashi ce tana mayar da haske, ga ƙananan fitilu suna ƙyaftawa ko'ina. Na gwada kusurwar farko, inuwa ta rufe fuska. Na gwada ta biyu, ana ganin fuska ba a ganin hannu. Sai da na ɓata rabin yini ina hawa ina sauka, na sa Bitrus ya durƙusa ya miƙe ya juya ina duba allo, kafin na samu wuri a saman ƙofa daga hagu, na ɗan sunkuyar da kanta, na canja fitilar rufi. Duk wanda ya taɓa akwatin nan, fuskarsa da yatsunsa za su fito tare. Na jona ta da batir na musamman ko da wuta ta ɗauke. Lambar sirrin kashe ta kuwa aka karɓe daga hannuna, aka ba shugaban dama da shugabar hagu, wato dogon nan da matar nan, su biyu kawai.

Ana tsakiyar gasa wani allo a ɗakin hagu ya fara rawa, hoto na zuwa yana ɗaukewa. Aka tura Bitrus da safe. Ya bi waya har ɗakin wayoyi, ya zagaya bayan akwati, sai ya tarar da wata 'yar baƙar na'ura, ba ta fi gwangwanin kifi ba, an maƙala ta a jikin wayar rawaya tana lilo. Babu suna, babu lamba. Nauyinta ne ya lanƙwasa wayar har hoton yake yankewa. A lokacin kowane ɗan kwangila yana ƙara nasa tarkacen cikin gaggawa, saboda haka Bitrus bai kawo komai a ransa ba. Ya ɗaga ta, ya kwantar da ita a jikin ƙarfe, ya ɗaure ta tsaf da maɗaurai, ya yanke bakinsu, ya manna koren salatif ɗinsa. Allo ya daina rawa, har matar nan ta hagu ta ce masa ta gode.

Muna cin abincin rana yake ba ni labari, yana tsaki. “Wasu ƙazamai ne suka rataye abu kamar jemage suka tafi.”

Na ce, “Wane abu? Na wane kamfani?”

Ya ce, “Oho. Babu rubutu a jiki.”

Na ajiye cokali na ce, “Bitrus, a wayar hagu? Kuma ka taɓa?” Ya dube ni, na ga murmushin ya fara barin fuskarsa. Na ce ya tashi yanzu mu je wajen mudir, wato shugaban aikinmu na kamfani. Muka same shi da waya biyu a kunne. Bitrus ya yi masa bayani daga farko har ƙarshe, ina tsaye. Mutumin ya kaɗa mana hannu ya ce akwai wasa da yamma, mu bari sai gobe, yalla.

Goben ba ta zo mana da sauƙi ba. Mai shafa bango na mutanen hagu ya riga mu. Ya ga na'urar, kuma shi ya san mece ce: duk abin da ya bi ta wayar rawaya tana kwafa tana aikawa wani wuri. Kafin azahar wasu mutum biyu masu ladabi suka zo suka ce Bitrus ya biyo su, ko jakar kayan aikinsa bai ɗauka ba.

Ni aka kira in fito da hoton, tunda ni na ɗaura kyamarar. A ɗakin akwai dogon nan na dama, da matar hagu, da wani jami'i ɗan ƙasa, da mudir yana ta share gumi a cikin sanyi. Na kunna. Ga Bitrus a durƙushe, maɗauri a bakinsa, na'urar a hannunsa, komai tas. Na ce to, wannan gyara yake yi, mu koma baya mu ga wanda ya kawo ta. Na yi ta komawa baya. Sai muka iso wata la'asar da aka yi babban wasa, lokacin da kowa na ginin ya tattaru gaban talabijin, allo ya yi baƙi ƙirin na ɗan lokaci, sannan hoto ya dawo. Kafin baƙin babu komai a bayan akwati, bayansa ga abu yana lilo.

Na ce wa jami'in, “Ranka ya daɗe, wannan kyamarar ba ta mutuwa da kanta. Tana da batir. Kashe ta aka yi, kuma ni ba ni da lambar, Bitrus ma ba shi da ita.”

Dogon ya sunkuya yana duba farcensa. Matar ta juya ta kafa masa ido, ta daɗe tana kallonsa, har na ce yau za a yi ta. Sai kawai ta yi wani ɗan murmushi ta ce ai na'ura takan samu matsala, ba abin mamaki ba ne. Dogon ya ce ƙwarai kuwa, su ma suna fama da irin haka a gida. Jami'in ya dubi wannan ya dubi wancan, ya rufe kwamfutar da hannunsa ya ce, “Khalas,” wato magana ta ƙare. Babu wanda bai gane ba a ɗakin nan. Amma manyansu suna zaune kafaɗa da kafaɗa a filin wasa duniya na kallo, ba ranar da aboki zai ce wa aboki ɓarawo ba ce. Ga kuma baƙar fata a durƙushe da abu a hannu, da alamarsa manne a jiki.

Na ce mun kai rahoto tun jiya. Mudir ya dube ni ido cikin ido ya ce shi bai tuna ba. Na maimaita. Na je wajen kafil ɗinmu, mai kamfanin da takardunmu ke hannunsa, na sake faɗa. Ya saurare ni har na gama, sannan ya tambaye ni ko ni ma ina marmarin gida ne. Na ce ko ina marmari ko ba na yi, abin da na gani ke nan. Ya ce to ya ji.

Abin da ya fi ƙona min rai sai daga baya Bitrus ya gaya min. A inda suka tsare shi sun karanto masa rayuwarsa kaf. Saƙon murya da ya tura wa ƙanensa da Hausa a shekarar korona yana ƙorafin albashi, an fassara shi an ajiye. Sun san ranakun da ya je coci, da shagon canjin kuɗin da yake shiga a Najma, da wanda ya tsaya kusa da shi a layi. Sun san duk zuwan da ya yi ƙofar ginin da aka killace ni, har suna tambayarsa me ke cikin kular. Mutanen da suka san wannan duka su ne suka ce ba su san wanda ya shiga ɗan ɗaki guda a ƙarshen barandarsu ba. Suka yi ta tambayarsa wa ya biya shi, shi kuwa ba shi da sunan da zai ba su.

Rifkatu ta same ni da rana a wani gidan abinci a Najma, da kayan aiki a jikinta, ko zama ba ta yi ba.

“Baba Isiya, ka ce min gaskiya. Za su sake shi?”

Na ce, “Maman Salomi, sakinsa za su yi, don sun san bai yi komai ba. Amma ban ga alamar za su bar shi a ƙasar nan ba.”

Ta riƙe bayan kujera. “Yarinyar nan tun shekaranjiya take tambaya. Na ce mata yana aikin ƙwallo. In na bi shi gida, ka san abin da ya samu yayanta. In na zauna, wa zai kwana da ita ran da nake asibiti?”

Ban yi mata ƙarya ba. Na ce ta zauna ta sha ruwa, ta ce lokacin aikinta ya yi.

Ba a kai shi kotu ba, ba a ce ya yi laifi ba. An dai ce zamansa ya ƙare, kuma ba zai sake shigowa ba. Shi da kansa ya roƙi matarsa ta waya ta zauna saboda Salomi. Ranar da aka kai shi filin jirgi gari ya cika da tutoci da hon, wata ƙasa ta ci wasa. Da aka gama gasa mutanen dama da na hagu suka yi liyafar ban kwana a barandar nan, suka ba juna kyaututtuka, dogon da matar suka rungumi juna aka ɗauki hoto. Ni aka sa na kwance wayoyin, shuɗi daban rawaya daban. Kwangilata da ta ƙare ba a sabunta ba, ban kuma roƙa ba. Haushin abin har yau yana nan a ƙirjina, kuma ban ga ranar da zai fita ba.

To ku masu son koya a mako guda, huda bango da jona waya ba su ne aikin ba. Ka san wa ya sa ka, ka san wa yake son gani, ka san in rigima ta tashi tsakanin manya a kan wa za ta sauka. Wannan ni ma da furfurata ban gama koyonsa ba.

Kirsimetin da ya zagayo Bitrus da iyalinsa suka shirya haɗuwa. Tunda Bitrus ba zai shiga Doha ba, sai suka zaɓi wata ƙasa ta kusa da ba ta wahalar biza. Rifkatu ta ɗauki hutu, likita ya yarda Salomi ta yi tafiyar, suka riga shi sauka suna jira a zauren masu tarba. Ni ina shago a nan Kaduna ina lissafin yanzu sun haɗu. Sai ga Bitrus da rana tsaka a ƙofar shagon, da jakarsa a naɗe da ledar filin jirgi ko kwancewa ba a yi ba. Ya zauna a bencin nan da kuke zaune.

Ya ce ya sauka lafiya, ya miƙa fasfo, aka ce ya kalli kyamara, ya kalla. Ƙofa ba ta buɗe ba. Aka kai shi wani ɗaki, wani jami'i mai fara'a ya ba shi ruwa ya ce ya yi haƙuri, ƙasashe ƙawaye suna musayar bayanai, sunansa ya fito. Ya roƙa a bar shi ya ga 'yarsa ko ta gilashi ne, aka ce ba ya cikin tsari. Ta waya suka yi magana, ita tana ƙasan bene shi yana sama, tana tambayarsa ta wace ƙofa zai fito. A jirgin da ya kai shi aka dawo da shi.

Ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ɗago.

“Malam Isiya, ka san hoton da ya juyo min a allo? Ba na fasfo ba ne. Na ɗakin wayoyi ne. Ina durƙushe, maɗauri a bakina. Har furfurar gemuna ana gani ɗaya ɗaya.” Ya gyaɗa kai a hankali. “Ka iya aiki, Malam. Ko inuwa babu.”

Ya yaga ledar jakar, ya fito da ƙunshin kilishi da ya saya wa Salomi, ya ajiye min a kan tebur. Ya ce a raba wa yara kada ya lalace.